Allah Ya Ja Zamanin Masu Maƙogwaron Zinariya

Wata magana ce 'yan baƙin ciki suke ta yaɗawa a teburan mai shayi da tashoshin mota, tun daga Nyanya har Zuba, wai manyan mawaƙan zamaninmu sun sayar da kansu. Wannan ƙazafi ne tsagwaronsa, kuma wajibi ne ga duk mai kishin fasaha ya miƙe ya wanke waɗannan bayin Allah. Ita sayarwa sau ɗaya ake yin ta: mai kaya ya karɓi kuɗinsa, ya rabu da abinsa har abada. Gwanayenmu sun fi ƙarfin wannan gajeren tunani. Haya suke bayarwa. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Abuja ya san martabar mai gidan haya: ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, wa'adi na cika ya ba ɗan haya notis, ya shafa sabon fenti, ya shigo da wanda ya fi tsoka, gida kuma yana nan nasa. Haka maƙogwaron gwani yake, sai dai shi wa'adinsa shekara huɗu ne, kuma hukumar zaɓe ce take buga masa kalanda kyauta.

Saboda haka gaishe ku zakunan amshi, ranku ya daɗe. Gaishe ku manyan baƙin Maitama da Asokoro, masu shiga otal da baiti a baki su fito da makullin mota a hannu. Taurarin da ba sa fitowa sai sararin gwamnati ya washe, inuwar mai kujera, garkuwar wanda ya riga ya ci, aminan nasara waɗanda faɗuwa ba ta taɓa kwana da su ɗaki ɗaya ba. Masu ganin ƙoshi inda likita ya ga tamowa, masu hango kwalta inda direba ya ga rami, masu jin ƙamshin aiki tun kwangila tana cikin fayil. Bijiman dandali, toron giwayen situdiyo, gagara-kunya 'ya'yan gagara-nadama. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa alat ɗinku sifili.

Kada wani ya ce roƙo baƙo ne a ƙasar Hausa. Da makaɗan fada muka tashi, da maroƙa da sanƙirori da 'yan ma'abba, kuma babu wanda ya taɓa yin kiɗa don a ce masa sannu kawai. Amma a dubi irin ƙuncin da magabatan suka rayu a cikinsa, a gode wa Allah da ci gaba. Ibrahim Narambaɗa, duk da zurfin hikimar da har yau jami'o'i suke tono, ya ƙare rayuwarsa a inuwar Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi ya liƙe wa fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sarkin Taushin Katsina, sunansa ma ya ɗaure shi da gari guda. Ubangida ɗaya, ƙofa ɗaya, shekara da shekaru, a ba su doki da riga da damin gero su yi ta godiya. Abin da ya fi ban tausayi, saboda ƙarancin wayewa sukan cusa wa sarki gargaɗi a tsakiyar yabo: su tuna masa mutuwa, su tuna masa adalcin kakanninsa, su ce ya yi haƙuri da talakawa. Wato mutum ya ba ka doki, kai kuma ka saka masa da wa'azi. Shi kansa Mamman Shata, wanda ya waƙe sarakuna da gwamnoni, bai ga faɗuwa ba ne ya tsaya ya waƙe direba da ɗan kasuwa da ma'aikaci, mutanen da in sun ba shi, daga guminsu suka ciro.

Gwanayen yau sun 'yanta fasaha daga wannan mari da ake kira amana. Sun gane abin da ya shige wa Narambaɗa duhu, cewa mutum mai wucewa ne, kujera ce dauwamammiya. Duk wanda yake zarginsu da rashin alkawari bai lura da kyau ba: babu ranar da suka juya wa kujera baya. Masu zama a kanta ne suke sauyawa, kuma wannan ba laifin mawaƙi ba ne.

Sai kuma al'ajabin tukuici. Albashin da doka ta yanka wa gwamna ko minista a rubuce yake, kuma na shekara guda cur ba zai sayi sabuwar jif ɗin da ake miƙa makullinta a dandali ana tafi ba. Duk da haka jif tana fitowa, gida yana fitowa, kujerar Makka tana fitowa har da ta 'yan amshi. Wannan albarka ce da ilimin lissafi bai kai gare ta ba. Masu mugun zato suna cewa kuɗin rufin aji ne, da na maganin ƙaramin asibitin ƙauye, da na fanshon tsohon malamin makaranta. To in ma haka ne, ai sai a ƙara jinjina, domin ba a taɓa tsara adalci irin wannan ba: talaka ya biya kuɗin waƙa ba tare da an wahalar da shi da sanin ya biya ba, sannan a kawo masa ita har ƙofar gida a bayan motar kamfe, da lasifika, kyauta, tana sanar da shi cewa ya ƙoshi. Da an sayo maganin, mutum ɗari ne za su sha ya ƙare. Waƙa kuwa miliyoyi ne suke sha, kuma ba ta da ranar lalacewa.

Babu birnin da ya dace da wannan baiwa kamar Abuja, garin da aka zana a takarda tun 1976, aka tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, ba shi da marina, ba shi da majema, ba shi da masana'antar da ta kai rabon kuɗi girma. A nan aka aza wa sana'ar tubalinta mafi daraja, ranakun 3 da 4 ga Maris 1998, lokacin da ƙungiyar matasa ta Daniel Kanu ta shirya gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu, don a roƙi Janar Sani Abacha ya daure ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki. Wata uku kafin nan Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki. Obasanjo yana ɗaure, Abiola yana tsare, an rataye Ken Saro-Wiwa tun Nuwamban 1995, layin mai kuwa ya kai inda ido ba ya kaiwa. A irin wannan yanayi mai raunin zuciya sai ya ce muryarsa ta dushe. Amma manyan taurarin kiɗa na ƙasar nan suka yi ɗamara, suka hau jirgi, suka hau dandamali, suka girgiza birnin. Can a Legas, lauya Olisa Agbakoba ya fito da nasa gangamin na adawa, ya tashi da kumburarren ido daga hannun 'yan sanda, kowa ya ga bambancin taron da fasaha ta sa wa albarka da wanda ta ƙaurace wa. Da surutu ya yi yawa, sai wasu daga cikin taurarin suka bayyana cewa su dai an gaya musu taron na ƙarfafa wa 'yan ƙwallon Super Eagles gwiwa ne kafin gasar duniya ta Faransa. Tsarkin zuciya ke nan: bawan Allah ya tsaya a tsakiyar taron da ake kiran sunan Janar tun safe har dare, shi bai ji komai ba sai ƙwallo. Ranar 8 ga Yuni Janar ya rasu, washegari rana ta fito, sana'a ta ci gaba.

Duk wannan share fage ne. A zamaninmu Allah ya yi wa Arewa kyautar gwanin gwanaye, Alhaji Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Danja ta jihar Katsina, fasihin da amshinsa yake shiga kan yaro a ji ɗaya ya ƙi fita, maƙerin zambo, masaƙin kirari, wanda abokin hamayya kan ji an zage shi a waƙarsa ya tarar ƙafarsa tana rawa. A 2015 "Masu Gudu Su Gudu" ta cika kowace tasha da kowane shagon caji, ta raka Muhammadu Buhari har fadar Aso Rock. A 2019 ya sake ɗaura ɗamara. Amma Satumban 2020 ne watan da ya kamata a rubuta da ruwan zinariya, domin a cikinsa gwani ya sanar cewa ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba ba sai masoya sun tura masa naira dubu-dubu. Shekarar da annobar korona ta rufe kasuwanni ke nan, ta zaunar da ɗan tebur da mai tura baro a gida. Kuma aka tura. Tun da aka fara roƙo a ƙasar Hausa, mai mulki ne yake biya a yabe shi a gaban talaka. Sai a wannan shekara mai albarka aka gano cewa talakan ma zai iya ciro kuɗin cefanensa da hannunsa ya biya a yabi mai mulki. Masana tattalin arziki na Ingila da Amurka sun rubuta littattafai sun cika ɗakuna, babu wanda ya hango wannan ƙofa. Wata uku bayan haka, ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a jihar gwani kuma jihar Shugaba, amma alhamdu lillahi an riga an tanadi abin saurare.

A Kano ya waƙe Abdullahi Umar Ganduje, ya kuma nuna faɗin ƙirji a 2022 da ya ɗauki kayan kiɗansa ya koma bayan Sha'aban Sharaɗa, bakin da ya zuba zuma ya zuba barkono ba tare da ya sauya murya ba. Ya rera "Jagaba Shi Ne Gaba" ya gabatar wa Arewa Bola Ahmed Tinubu. Sannan a Oktoban 2023, wata biyar bayan Buhari ya miƙa mulki ya koma Daura, gwani ya tara 'yan jarida ya bayyana musu cewa tsohon Shugaban ya lalata ƙasa kafin ya sauka, kuma shi ya yi nadamar goyon bayansa. Jama'a, ku dubi haƙuri! Shekara takwas gaskiya tana cin mutum a ciki, ya danne ta, ya haɗiye ta, ya lulluɓe ta da kiɗa, bai bari ko tarinta ya fito ba, sai da ya tabbatar faɗinta ba zai ɗaga wa mai mulki hankali ba. Kowa ya san darajar faɗa wa shugaba gaskiya a gaban idonsa. Gwani ya ƙara wa abin ladabi irin namu na Hausawa: ya jira har shugaban ya juya baya ya ajiye hatimi. Ba a kuma ji ya ɗora wa masu dubu-dubun nan wahalar zuwa karɓar kuɗinsu ba, don ya san sadaka ba a mayar da ita.

Da irin wannan hidima dole ilimi ya rusuna. A Satumban 2025, a wani babban otal na Abuja, aka yafa masa alkyabbar digirin girmamawa a gaban manyan baƙi. Ba a jima ba jami'ar da aka ambaci sunanta ta fito ta ce ba ta san da bikin ba. Ƙyashi ne kawai irin na 'yan boko. An yi taro, an yi tafi, an ɗauki hoto, an yi liƙi. A ƙa'idar wannan birni, duk aikin da ya samu waɗannan huɗu ya kammala, ko rijiya ce ko asibiti ko digiri.

Akwai kuma baiwar da ta fi kowace wuya, wadda sai manya suke iya ta, wato shiru. Ranar 29 ga Mayu 2023, a dandalin Eagle Square, aka sanar da cewa tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikacin da yake tasowa daga Mararaba ko Kubwa ko Lugbe ya tarar kuɗin mota yana cinye albashi tun wata bai raba ba. Aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhun shinkafa ya tsallake shi ya wuce ko waiwaye babu. A Agustan 2024 matasa suka fito zanga-zangar yunwa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara da suka yi kusan wata uku a tsare, haƙarƙarinsu ana ƙirgawa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka yanka wa kowannensu belin naira miliyan 10, sai da duniya ta yi ca sannan aka ba da umarnin sakinsu. Da yawansu daga Kano da Kaduna aka kwaso su, tsaran yaran da suke haddace amshin gwanayenmu suna bin motar kamfe a guje ba takalmi. Ranar 21 ga Disamba kuma, a Maitama, unguwar manya, mutum goma suka mutu a turmutsutsin rabon abinci a harabar wani coci, huɗu daga cikinsu yara.

Ƙananan mawaƙa marasa tarbiyya, waɗanda ba su san farashin murya ba, sun yi ta koke-koke a waya. Manya kuwa suka riƙe girmansu. Sun san mai mulki yana da gajiya, yana da hawan jini, yana da baƙi daga ƙasashen waje, ba ya bukatar a dame shi da labarin haƙarƙari. Sun san kuma talaka ya riga ya san yana jin yunwa, ɓata baiti ne a gaya masa. Abin da bai sani ba shi ne cewa yana cikin daɗi, kuma a nan ne aikin fasihi yake. Hausawa suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu kuwa Allah ya azurta mu da fadawa nagari, waɗanda ba su taɓa ɓata wa sarki rai da labarin talakawansa ba. Ko da mahassada suka yi gangami a Facebook a tsakiyar 2024 har shafin gwani Rarara ya ɓace bayan wata waƙar yabon gwamnati, bai karaya ba, domin mai gaskiya ɗaya ne ake bukata ya saurari waƙa, kuma shi ba a Facebook yake sa hannu a takarda ba.

In ana son ganin girman hikimarsu, sai a waiwayi waɗanda Allah bai ba su ita ba. Ga Fela Kuti, mutumin da duniya take sauraro, wanda da ya so da ya kwana a gidan gwamnati ya tashi a gidan gwamnati. Ya zaɓi ya yi wa sojoji waƙar "Zombie". Ranar 18 ga Fabrairu 1977 suka ƙone gidansa na Kalakuta, suka jeho mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Me ya tara? Ranar jana'izarsa a 1997 talakawan Legas ne suka cika tituna maƙil suna kuka, taron da babu ko minista ɗaya da ya yi masa liƙi. Ga namu na gida, Sa'adu Zungur, malami masani, ya ƙarar da alƙalaminsa wajen faɗa wa sarakuna da Turawa abin da ba su tambaye shi ba, ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya. Ga Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da sauran mawaƙan NEPU, suka zaɓi jam'iyyar da tukuicinta bulala ce da gidan yari. Har yau ana karanta su a makarantu, amma a tambayi kowane dillalin filaye a Gwarinpa ko karatun ɗalibai ya taɓa sayen fuloti. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya zauna ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ko kujerar zama ba shi da ita a motar da yake wa bauta, ya yi wa yarinyar da aka yi wa auren dole. Wace kwangila karen mota yake bayarwa? Aminu Ala ya kwana a tsare a Kano a 2009 saboda waƙa. Eedris Abdulkareem ya fusata Obasanjo da "Jaga Jaga" a 2004, shekara ashirin da ɗaya bai koyi darasi ba, a Afrilun 2025 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta haramta sabuwar waƙarsa. Taurin kai irin wannan sai addu'a.

Su ma taurarin ƙasashen waje da ake ta kambamawa, in an auna su da namu, yara ne. Lokacin da mulkin Gaddafi ya fara girgiza a 2011, aka tono cewa Beyoncé da Mariah Carey da Usher da Nelly Furtado sun taɓa yi wa iyalansa wasa a kan maƙudan kuɗi. Nan da nan jikinsu ya yi sanyi, wannan ta ce ta riga ta sadakar da nata, wancan ya ce zai bayar, Furtado ta ce za ta rabu da dala miliyan ɗaya. Cutar mayar da kuɗi ke nan, kuma cikin ikon Allah ba ta taɓa tsallako teku ta kama ko ɗaya daga cikin namu ba.

Fagen kamfanoni ma gwanayenmu ba su bar shi ya yi kuka ba. Yau mawaƙi jakadan kamfanin waya ne, gobe na lemon kwalba, jibi na filayen da ba a ga takardunsu ba, gata na manhajar caca. Matashin da ya gama digiri yana zaune ba aiki ya ɗaga kai ya ga tauraronsa a allon talla yana murmushi, yana nuna masa inda zai zuba ɗari biyar ɗin da ta rage masa. Gwamnati ta kasa ba shi aiki, mawaƙi ya ba shi fata. Wane tausayi ya wuce wannan?

Ba zai yiwu a rufe baki ba a yaba wa masu sauraro ba, mu ke nan, iyayen gidan asali, waɗanda da taimakonmu aka kai ga wannan matsayi. Mun ɗauki alkawari tun zamanin kaset cewa ba za mu ɓata mawaƙi da kuɗinmu ba. Ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yan amshi, ya sayi man janareto, ya kwana yana gyaran baiti. Mu kuma mu miƙa wa mai tura waƙa a kasuwa 'yan canji ya cika mana waya da aikin shekara goma, ko mu tura wa juna a WhatsApp da fatan alheri, ko sisi bai isa hannun mai ita ba. Ƙungiyoyin da aka kafa don karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu sun shafe shekaru suna shari'a da juna, don kada kuɗi su yi gaggawar isa ga masu su su lalata su. Abin da YouTube da ire-irensa suke biya a kan mai sauraro daga Najeriya kuwa, sai an tara dubbai kafin ya sayi katin waya. Da wannan tarbiyya muka nuna wa yaro mai baiwa hanya tun yana ƙarami: in ya waƙe mu, za mu so shi, in ya waƙe su, zai ci abinci. Da ya zaɓi abinci, sai muka cika ladanmu, muka zage shi da rana a shafukan sada zumunta, da dare muka sa waƙar a gidan biki muka taka rawa har gumi. Sojojin baka suna yi a rediyo, 'yan jagaliya suna yi a titi, mu muna yi da ƙafa. Kowa da gudummawarsa.

To, ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa, otal-otal na Wuse da Garki sun fara cika, masu ɗinkin babbar riga ba sa barci. Ya kai ƙaramin fasihi da kake wani lungu a Suleja ko Funtuwa ko Gusau kana rera wa abokanka baitocin da suke sa su hawaye, ɗana, ka yi wa kanka faɗa tun da wuri. Wannan abin da kake ji yana motsi a ƙirjinka in ka ga almajiri yana rawar ɗari, ko tsohuwa a layin awo tana ƙirga canji, ka nemi magani, yana warkewa. Manyanka duk sun yi fama da shi suna yara. Kada ka kuskura ka sa lamba a waƙa, ko yawan rijiyoyi ko tsawon titi, domin lamba ana iya zuwa a duba. Ka riƙe "ya yi aiki", ka riƙe "ya gaji alheri", ka riƙe "maƙiya sun ji kunya", waɗannan ba sa tsufa kuma suna shiga wuyan kowa. Zambon da ka yi wa abokin hamayya kada ka goge shi, ka adana, wata rana ubangidanka na yau zai bukace shi a kansa. Yabon da ka yi wa ubangida shi ma ka adana, abokin hamayya yana tafe.

Sannan ka gode wa Allah da ya daidaita maka sunayen manyan ƙasar nan kamar da ma'auni. Abacha, Buhari, Tinubu, Atiku, Kwankwaso, Ganduje, Shekarau: kowanne gaɓa uku, ba ƙari ba ragi. Ka gina waƙarka tsaf, ka bar gurbin gaɓa uku a tsakiyar amshi, ba sai an sake kiɗa ba, mai haɗa sauti zai cire ya sa kafin shayinka ya huce. In mai gaɓa biyu ne ya zo, irin Obi, 'yan amshi su ja wasalin ƙarshe. In mai huɗu ne, irin El-Rufa'i, a haɗiye ɗaya, muddin ya ba da kafin alƙalami.